Adashi, Gandu ko Gayauna: Wane Rubutun Haɗin Gwiwa Ya Dace da Marubucin Karkara?

Wata ƙanwata, 'yar ƙanin mahaifinmu, wadda take aure a wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura, ta kira ni bayan sallar isha'i ta ce, "Yaya, shawara nake nema." Shekara biyu ke nan tana rubuta labarai a wayarta tana turawa zaurukan WhatsApp, har ta fara samun masu jiran shafinta na gaba, sai ga shi a cikin wata guda an yi mata tayi har uku. Ƙungiyar marubutan da take ciki za ta fara labarin karɓa-karɓa na mutum 15. Wata ƙawarta da ke Gaya tana so su rubuta littafi guda su biyu. Sannan wata babbar marubuciya tana tattara gajerun labarai a kan rayuwar zawarawa domin a fitar da su a kundi ɗaya. Lokacinta ba zai ɗauki duka ukun ba, domin ga girki, ga yara biyu, ga kuma wayar da sai an aika yaro da ita shagon caji ta wuni a can kafin ta dawo hannunta. Da yake na taɓa shiga kowanne daga cikin ukun, na ga ya kamata in shimfiɗa amsar da na ba ta, saboda na san akwai irinta da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa, maza da mata.

Abin da na fara gaya mata shi ne, duka ukun ana kiran su rubutun haɗin gwiwa, amma ba jinsi ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya tashi a karkara ya riga ya san bambancinsu tun kafin ya riƙe waya. Karɓa-karɓa adashi ne, kowa yana jiran layinsa ya zo. Rubutun mutum biyu gandu ne, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Kundi kuwa gayauna ce, kowa ya noma tasa, sai dai a haɗa buhunan a mota ɗaya zuwa kasuwa.

Karɓa-karɓa shi ya fi ɗaukar hankalin sabon marubuci, kuma ba laifinsa ba ne. Mutum na farko zai buɗe labari ya rubuta babi ɗaya, na biyu ya ɗora daga inda aka tsaya, haka har a kai na ƙarshe, masu karatu kuma suna biye suna sharhi suna hasashen abin da wance za ta yi da tauraron da wane ya bari a bakin rijiya. Nauyin da ke kan kowa kaɗan ne, tunda babi ɗaya ko biyu kawai ake nema daga gare shi, amma sunansa zai isa ga masu karatun sauran mutum 14, waɗanda da shi kaɗai ne sai ya shekara bai kai gare su ba. Akwai kuma horon da ba a samunsa a wani wuri, wato a miƙo maka tauraron da ba kai ka ƙirƙira ba, mai halin da ba ka zaɓa ba, a ce ka sa shi ya yi magana yadda ya saba. Wanda ya iya wannan ya koyi sauraro, kuma marubucin da bai iya sauraro ba duk taurarinsa da bakinsa suke magana.

Sai dai duk wanda ya taɓa zubin adashi ya san inda yake mutuwa. Mu 12 muka fara namu da rani, da zumuɗi ƙwarai, har muna rigimar wanda zai riga wani. A babi na 3 matar da aka ce marainiya ce sai ga mahaifinta ya zo biko. A babi na 5 garin da aka ce ba shi da mota sai ga tauraro ya hau tasi. Abin da ya fi wannan ɓarna shi ne, kowa yana so a ce babinsa ne ya fi zafi, saboda haka wannan ya kawo haɗarin mota, wancan ya kawo aljani, na gaba ya kawo kishiya da boka, har labarin ya rasa inda zai numfasa. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Da ruwan sama ya sauka aka shiga noman farko, wanda layi ya zo kansa a babi na 7 manomi ne kamar yawancinmu, yana dawowa gida a gajiye, wayarsa kuma babu caji. Aka jira shi mako guda, aka ƙara wani, masu karatu suka watse, labarin ya tsaya a nan har yau. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin tun farko ba mu yi tanadin abin da za a yi idan haka ta faru ba.

Ga mazaunin ƙauye akwai wani nauyi da ba a faɗa lokacin tayi. Idan kai ne na 10, dole ka karanta babi 9 da natsuwa kafin ka ɗora kalma ɗaya, kuma kwanakin da za a ba ka ba kai ka zaɓe su ba. Suna iya faɗowa ranar da sabis ya ɗauke, ko makon biki a gidanku, ko lokacin da yaro ba shi da lafiya. Ga kuma bambancin karin harshe, wanda a zance abin sha'awa ne amma a bakin tauraro guda yana rikita mai karatu: Bakano ya rubuta "yana zuwa", Basakkwace ya karɓa ya rubuta "shina zuwa", wannan ya ce "me", wancan ya ce "mi", alhali mutum ɗaya ne yake maganar a cikin labarin.

Abin da ya fi damuna game da karɓa-karɓa, musamman ga matar aure ko budurwa a ƙaramin gari, shi ne batun suna. Sunanka yana kan labarin gaba ɗaya, amma ikonka a kan babi ɗaya ne. Idan wani daga cikin mutum 15 ya ga dama ya cusa batsa a babinsa don ya ja masu karatu, ko ya taɓa wata ƙabila ko wata aƙida, wanda zai tura shafin zuwa wayar mijinki ko ta limamin unguwarku ba zai tsaya tantance wanda ya rubuta wane babi ba. A birni mutum yana iya ɓuya a bayan sunan alƙalami. A ƙauye kowa ya san 'yar gidan wane ce take rubutu, kuma magana idan ta fita ba ta dawowa.

Wannan bai sa na ce a guje shi ɗungurungum ba. Adashin da yake ɗorewa shi ne mai uwar adashi tsayayya, haka ma karɓa-karɓa. Kafin ka shiga, ka tambaya ko akwai mutum ɗaya da aka ba ikon karanta kowane babi kafin a sake shi, ya kuma mayar da shi idan ya kauce. Ka tambaya ko an rubuta takardar taurari, mai ɗauke da sunan kowa da shekarunsa da garinsu da dangantakarsa da saura, da kuma inda ake so labarin ya ƙare. Ka tambaya kwana nawa ake jiran mutum kafin a tsallake shi. Idan aka ce maka ai duk 'yan uwa ne, ba sai an yi wannan ba, to ka sani wasa za a yi, ka shiga da niyyar wasa da koyon hannu, kada ka sa ran littafin da za a sayar.

Rubutun mutum biyu ba baƙon abu ba ne a adabinmu. A cikin littattafan ƙagaggun labarai biyar na farko da suka fito bayan gasar da aka shirya a Zariya a 1933 akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka haɗu suka rubuta. Abin da intanet ta ƙara shi ne, yanzu mutum biyun ba sai sun zauna a gari ɗaya ba. Mai Taura da mai Gaya suna iya tsara labari gaba ɗaya da saƙon murya, kowacce tana bakin murhunta.

A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi fitar da littafi mai kyau, idan an dace da abokin aiki. Dalili shi ne, mutum biyu suna iya riƙe labari guda a kansu daga farko har ƙarshe, abin da mutum 15 ba za su iya ba, kuma kowanne yana toshe ɓarakar ɗan uwansa. Ƙanwata ta san yadda ake ɗaure damin gero, da yadda mata suke sussuka da shiƙa, da irin habaicin da ake yi a bakin rijiya, da abin da uwar miji take faɗa wa amarya ranar buɗar kai. Ƙawarta ta yi karatun aikin jinya, ta san ɗakin haihuwa da yadda ake karɓar majinyaci da tsakar dare. Labarin da zai ɗauko mace mai naƙuda daga ƙauye a kan amalanke ko babur ya kai ta asibitin gari, babu ɗaya daga cikinsu da za ta rubuta shi ita kaɗai ya fito da gaskiyarsa ta kowane ɓangare. Rabon aikin ma yana da hanyoyi. Wasu kowa yakan ɗauki tauraro guda, wannan ta riƙe uwargida waccan ta riƙe amarya, sai bambancin salon marubutan ya zama bambancin halin matan biyu, abin da yake aibi a karɓa-karɓa ya koma ado a nan. Wasu kuma ɗaya ce take zuba labari ɗanye, ɗayar ta bi ta tace, ta gyara kurakuran raba kalmomi da haɗe su, ta mayar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ inda aka yar da su, domin "ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya ba ne.

Amma gandu yana da sharaɗi, kuma duk wanda ya ga yadda gandun gida yake watsewa bayan rasuwar maigida ya san ba ƙarfin noma ne yake ƙarewa ba, rabo ne yake kawo rigima. Littafi mai tsawo yana cin watanni, kuma a cikin watannin nan ana aure, ana haihuwa, ana sace waya, miji yana iya cewa a dakata. Idan ɗaya ta tsaya a tsakiya, ɗayar tana da ikon ƙarasawa? Idan ta ƙarasa, sunan wa za a sa, kuma rabon yana nan yadda yake? A ɗauka an sa wa littafin naira 500, mutum 200 suka biya, kuɗi ya kama naira 100,000. Asusun wa za a tura? Wanda ya biya da katin waya fa, wa zai riƙe katin? Wacece za ta zauna tana duba shaidar biya tana saka mutane a zauren waɗanda suka biya, kuma wannan wahalar tana da kaso ko ba ta da shi? Idan gobe mai tashar YouTube ya nemi izinin karanta littafin, ko wani furodusa ya ce yana so ya mayar da shi fim, amincewar ɗaya ta isa ko sai an haɗu? Na ga ƙawayen da suka yi shekaru tare sun daina gaisawa a kan tambaya ɗaya daga cikin waɗannan, kuma babu macuciya a cikinsu, kowacce ta ɗauka abin da ke ranta shi ne aka yi yarjejeniya a kai.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta san da aikin da mutum biyu ko fiye suka haɗu suka yi. Haƙƙin rubutu yana tabbata ne da zarar an rubuta shi, ba sai an yi rajista ba, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Idan aikin haɗin gwiwa ne, daga rasuwar wanda ya yi saura a cikinsu ake fara lissafi. Ma'anar wannan ita ce, littafin da kuka rubuta ku biyu a waya dukiya ce da za ta iya kaiwa ga magadanku, saboda haka bai kamata a bar ta a kan "ai mun fahimci juna" ba. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma hikimar da ke cikinta ta isa ta nuna mana cewa rubuta yarjejeniya tsakanin masoya ba rashin yarda ba ne. Shafi guda ya wadatar, kowa ya sa hannu, a ɗauki hotonsa a tura wa mutum biyu da aka amince da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wurin ajiyar rubutun ma yana da muhimmanci a gandu fiye da sauran. WhatsApp yana ba da minti 15 ne kawai a gyara saƙon da aka tura, kuma idan waya ta ɓace ba tare da an yi ajiya ba, littafin ya bi ta. Gara a riƙa rubutu a manhajar rubutu ta WPS ko makamanciyarta, wadda ba ta buƙatar data, a riƙa tura wa juna fayil duk ƙarshen babi. Idan sabis yana samuwa, Google Docs ya fi, domin yana ajiye tarihin gyare-gyare, ana ganin wanda ya rubuta me da ranar da ya rubuta, kuma wannan kaɗai yana kashe gardama da yawa tun ba ta tashi ba.

Kundi shi ne mafi sauƙin bayani. Mai tattarawa zai ba da jigo da tsawon da ake so da ranar rufewa, kowa ya koma ya rubuta cikakken labarinsa, da farkonsa da ƙarshensa, da sunansa a kai. Babu wanda kake jira, babu mai jiran ka sai ranar da aka yanka, kana iya rubutawa da dare a littafin makaranta da fitila, ka kwafe a waya ranar da ta sami caji, ka tura sau ɗaya daga inda sabis yake da ƙarfi. Idan mutum uku suka kasa kawo nasu, kundin zai fito da sauran. Idan wani ya rubuta abin kunya, sunansa ne a kan labarinsa. Sannan gajeren labari horo ne da marubutan waya da yawa suka rasa, domin mun saba da jan labari shafi bayan shafi har ya kai 100, alhali gasa irin Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, kalma 1,000 zuwa 1,500 take nema. Wadda ta koyi kammala labari a wannan tsawon ta koyi zaɓen abin da za ta faɗa da abin da za ta bari.

Raunin kundi shi ne, haɗin gwiwar ba ta da zurfi. Ba za ka koyi saƙa labari da wani ba, sai fa idan mai tattarawar yana da haƙurin mayar maka da rubutunka da gyara, ko kuma an tsara marubutan su karanta na juna kafin a fitar, abin da nake ganin ya kamata kowane mai shiga ya nema. Masu karatun waya kuma sun fi son dogon labarin da za su riƙa bi kullum, saboda haka kundi ba ya tara jama'a kamar sauran biyun, kuɗin da zai shigo idan aka raba wa mutum 20 ba zai taka kara ya karya ba. Abubuwa biyu ne za a kiyaye. Na farko, a tabbatar a rubuce cewa izinin bugawa a wannan kundin kawai aka bayar, labarin yana nan mallakar mai shi, zai iya faɗaɗa shi ya zama littafi nan gaba. Na biyu, labarin da kake tanadi don gasa kada ka ba da shi kundi sai ka karanta ƙa'idojin gasar, domin da yawa ba sa karɓar abin da aka riga aka wallafa. Idan kuma aka nemi kuɗin shiga, a tambayi abin da za a yi da su dalla-dalla, na ɗab'i ne ko na mai tacewa ne, da kuma kwafi nawa kowa zai samu.

Da na gama, sai ta ce, "To Yaya, kai wanne ka zaɓar mini?" Na ce mata ta karɓi kundin yanzu, domin shi kaɗai ne ya dace da wayar da take wuni a shagon caji da kuma damina da ke tafe, kuma jigon zawarci abu ne da take gani a gidajen da ke kewaye da ita. Ƙawarta ta Gaya kuwa kada ta ce mata a'a, ta ce su bari sai bayan kaka, idan an kai amfani gida hankali ya kwanta, kuma kafin su ɗauki dogon littafi su fara gwada gajeren labari guda su biyu, su ga yadda kowacce take karɓar gyara da yadda take cika alkawarin rana. Idan gwajin ya yi kyau, su rubuta yarjejeniyarsu kafin babi na 1. Karɓa-karɓar kuma ta tura wa shugabar ƙungiyar tambayoyin nan uku, na mai tacewa da takardar taurari da kwanakin jira, ta ga amsar da za a ba ta. Idan ma ta shiga, ta roƙi a ba ta babi na 2 ko na 3, inda karatun baya bai yi yawa ba kuma labarin bai riga ya kauce ba.

Da namiji ne mai shago a bakin kasuwa, da sola a kan rufinsa da sabis a ƙofarsa, mai shekaru yana rubutu kuma yana da abokin da ya gwada, da gandun zan fara nuna masa. Da kuma ɗalibi ne da bai taɓa kammala labari ko ɗaya ba, wanda abin da yake nema shi ne abokai da ƙwarin gwiwa, da na bar shi ya shiga adashin ya ji daɗinsa.

Bayan mako biyu ta turo mini shafin farko. Labarin wata bazawara ce mai soya ƙuli-ƙuli tana kai man gyaɗa kasuwar Gujungu, wadda tsohon mijinta ya aiko a karɓi ɗansu ranar da ya cika shekara bakwai. Na mayar mata da shi da gyara a wurare huɗu, uku na raba kalmomi da haɗe su, ɗaya kuma inda ta sa bazawarar ta yi dogon jawabi a gaban surukinta, alhali mace irin wannan a garinmu sunkuyar da kai za ta yi, sai ta koma ɗaki maganar ta fito.